Komawa gudu bayan dogon hutu: kurakuran da ke sake zaunar da mu a gida

Duk shekara, mako ɗaya ko biyu bayan ƙaramar Sallah, filin Kawukudi da ke nan Accra yakan cika da masu gudu da asuba. Sababbin kambas, sababbin riguna, kowa da kyakkyawar niyyarsa ta rage abin da azumi da shagalin Sallah suka bari a jiki. Kafin wata ya zagayo, fuskoki da yawa sun ɓace. In ka haɗu da ɗayansu wajen mai koko a Nima ka ce, "Ɗan'uwa, kwana biyu ba mu gan ka ba," amsar ba ta wuce biyu: ko gwiwa, ko ƙwauri.

Ni ma na bi ta wannan hanyar. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni, daga nan aiki ya riƙe ni, har wata biyar ban ɗaura igiyar takalmi ba. Ranar da na koma sai na ɗora daga kilomita goman da na saba. A mako na uku agarata ta dama ta kumbura, ko matakalar masallaci da ƙyar nake hawa, na sake zaman wata biyu. Abin ya yi min ciwo ƙwarai, don na san da hannuna na jawo shi. Shi ya sa ba na son ganin wani ya maimaita.

Ɗorawa daga inda aka tsaya

Wannan shi ne uban kurakurai, sauran duk 'ya'yansa ne. Kanka yana tuna gudun bara, ƙafarka kuwa ta manta.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Idan mutum ya daina gudu, cikin mako biyu zuwa huɗu ruwan jininsa yakan ragu, zuciya ta koma bugawa da sauri kan aikin da a da take yi a natse. Shi ne hakin da kake ji a ranakun farko. Wannan ɓangaren yana dawowa da wuri, cikin 'yan makonni. Ƙashi da agara da jijiyoyin da ke ɗaure gaɓoɓi kuwa sannu suke ginuwa, musamman agara da jini kaɗan ke shigarta. Su watanni suke buƙata. Saboda haka lokacin haɗari ba ranar farko ba ne, don ranar farko haki ke taka maka birki. Haɗarin yana mako na uku ko na huɗu, sa'ad da numfashi ya daidaita, ka ji kamar ka dawo, ka ƙara nisa, alhali ƙwauri da agara ba su iso ba tukuna.

Gyaran ya danganta da tsawon hutun. In mako ɗaya ko biyu ne, rage kaɗan a fita biyu ko uku na farko ya isa. In wata guda ne, fara da rabin nisan da ka saba. In ya kai wata uku ko fiye, ko kuwa ciwo ne ya zaunar da kai, ka ɗauki kanka sabon shiga: sassarfa ta minti 1, tafiya ta minti 2, ka yi ta maimaitawa har minti 20 zuwa 30, sau uku a mako, da ranar hutu a tsakani. Kowane mako ka tsawaita sassarfar ka gajarta tafiyar. Masu horarwa da yawa suna cewa kada ƙarin mako ya wuce kashi 10 cikin 100 na makon da ya gabata. Ba aya ba ce, amma ma'auni ne mai kyau ga wanda zumuɗi ke ja. Kuma abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda: ko nisa, ko sauri, ko yawan kwanaki.

Na san abin da ke hana mutane. Kunya ce. Babban mutum da aka sani yana cinye kilomita goma, a gan shi yana tafiya a tsakiyar gudu, yaran unguwa na kallo. Kallon na minti ɗaya ne, ciwon agara kuwa da kai zai kwana.

Bin sahun abokan da ba su huta ba

Ƙungiyoyin motsa jiki na safiyar Asabar da Lahadi suna da daɗi: waƙa, tafi, usur, ka manta da gajiya. Nan matsalar take. Su ba su tsaya ba, kai ka tsaya. Ma'aunin saurinka shi ne bakinka: in za ka iya amsa gaisuwa cikakkiya kana gudu, har ka tambayi mutanen gida ba tare da numfashi ya yanke ba, kana daidai. In kalma ɗaiɗai ke fita, sassauta.

Hawan dutsen Aburi daga Ayi Mensah zuwa Peduase kuma a ajiye shi sai bayan wata guda ko biyu. Mutane suna tsoron hawan, amma gangarowa ce ke dukan gwiwa da tsokar gaban cinya. In ka matsu ka je, hau da tafiya, ka sauko da tafiya.

Takalmi

Nan zan ɗan daɗe, don nan ake zubar da kuɗi ana sayen ciwo.

Na farko, tsohon kambas da ka jawo daga ƙarƙashin gado. Abin da ke kare ƙafarka shi ne soson da ke tsakanin tafin takalmin da robar ƙasa. Soson nan yana mutuwa, yawanci bayan kilomita 500 zuwa 800, ko da saman takalmin na sheƙi. Zafi da danshin Accra kuma suna cin gam ko takalmin yana ajiye, har wani irin ƙasan takalmin yakan ruɓe ya dinga marmashewa. Ka fito da shi ka duba. Ajiye shi a kan tebur ka kalle shi ta baya: in ya karkata gefe ɗaya, ya gama aiki. Danna soson da babban yatsa: in ya yi tauri kamar katako, ko ya cika da tamoji ba ya tasowa, ya mutu. Sai a bar shi don zuwa kasuwa.

Na biyu, gwanjo. Ba zan ce kada a je kasuwar Kantamanto ba. Yawancinmu can muke saye, kuma ana dacewa da na kirki. Sai dai takalmin gudu ba kamar riga ba ne, wani ya riga ya cinye kilomitocinsa kafin ya iso hannunka, kuma wanki da fenti suna ɓoye shekaru. Gwajin tebur da na yatsa duk ka yi su a gaban mai sayarwa. Juya shi ka ga yadda zanen ƙasa ya ci, musamman wajen diddige. Zaro shimfiɗar ciki ka ga ko tafin wani ya riga ya lotsa ta. Lanƙwasa shi: ya kamata ya karyu a wajen yatsu, tsakiyarsa ta tsaya da ƙarfinta. Sabo mai arha da ke ɗauke da babban suna, wanda soson cikinsa ba soso ba ne, ya fi min tsohon na asali haɗari.

Na uku, girma. Ƙafa tana kumbura in ana gudu, don haka a bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsan ƙafa mafi tsawo da bakin takalmi. Je saye da yamma lokacin da ƙafa ta buɗe, da safar da za ka yi gudu da ita, ka gwada duka ƙafafun biyu. Baƙin farce da bororo yawanci daga matsattsen takalmi suke. Takalmin ƙwallo mai ƙusoshi kuma na fili ne, ba na kwalta ba.

Akwai kuma masu tara kuɗi don takalman tsere masu farantin kabon a ciki, dangin wanda Eliud Kipchoge ya sa a Vienna a 2019 da ya gama gudun fanfalaki ƙasa da awa biyu. An yi su ne don ƙafar da ta horu kuma take sauri, suna da tsada, ba sa daɗewa. Mai dawowa daga hutu ba shi da buƙatarsu. Wani kuma zai kawo maka labarin Abebe Bikila na Habasha da ya ci zinare a Rum a 1960 ba takalmi. Gaskiya ne, amma tafin ƙafarsa ya yi shekaru yana sabawa da haka, kuma bai bi ta gefen kwatar Nima mai fasassun kwalabe ba. Takalmi matsakaici da ka ji daɗinsa tun minti na farko shi ne naka. Wanda aka ce maka "zai saki", bar shi a wurin.

Leda, rigar sanyi da zancen zufa

Har yanzu ina ganin samari suna naɗa leda a ciki, ko su sa rigar sanyi biyu, wai kitse ya narke. Wannan yana tayar min da hankali fiye da komai a rubutun nan. Zufa ruwa ce da gishiri. Abin da sikeli ya rage bayan irin wannan gudun zai dawo da ka sha ruwa. Jiki yana hucewa ne idan zufa ta bushe a kan fata, kuma a garin bakin teku irin namu, inda iska ke cike da danshi, da ma da ƙyar take bushewa. Ka ƙara leda a kai, ka toshe hanyar da ta rage. Zafi yakan taru har mutum ya ruɗe, ya faɗi, kuma yana kisa. Wanda ya fara sambatu ko tangaɗi a cikin gudu, a kai shi inuwa, a kwarara masa ruwa, a kira lambar gaggawa ta 112 ko a garzaya asibiti.

Sabon da jikinka ya yi da zafi shi ma yana tafiya da hutu, yana ɗaukar kwana 10 zuwa 14 kafin ya dawo. Rana a nan tana fitowa wajen ƙarfe 6 kusan duk shekara, don haka daga idar da sallar asuba zuwa ƙarfe 7 shi ne lokacinmu. Riga mara nauyi mai saurin bushewa ta fi ta auduga, wadda ke jiƙewa ta yi nauyi ta goge fata. Inda cinya ko hammata ke gogewa, ɗan man kaɗanya ya wadatar.

'Yar'uwa, ke ma haka. Hijabin auduga mai kauri yana riƙe zafi, akwai marasa nauyi da aka yi don motsa jiki, da dogon wando sakakke mai shan iska, sutura ta cika ba tare da kin dafu ba. Rigar mama ta wasanni mai riƙo sosai tana gaba da sabon takalmi in kuɗin ɗaya gare ki. In kuma haihuwa ce ta tsayar da ke, fita arba'in ba ta nufin jiki ya shirya wa gudu. Masana gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi da yawa suna ba da shawarar a jira kamar wata uku, a fara da tafiya. Idan fitsari na zubowa ko kina jin nauyi a mara, ki ga ma'aikaciyar lafiya tukuna, ba abin kunya ba ne kuma ana gyara shi.

Ruwa kuwa, gudun rabin awa da asuba ba ya buƙatar dabara. Sha kaɗan kafin fita, leda ɗaya ta fiya wata, wato rabin lita, bayan dawowa, ka ƙara gwargwadon ƙishi. Fitsari mai duhu alama ce ta bai isa ba. Waakye, wato shinkafa da wake, da tuwo a bar su sai an dawo.

Danne ciwo da ƙwaya

Tsamin jiki daban, ciwo daban. Tsami yakan kama ɓangarori biyu, ya fi tsanani kwana ɗaya ko biyu bayan gudu, ya sake ka in jiki ya ɗumama. Ciwon da ke wuri ɗaya, wanda za ka iya nunawa da yatsa, wanda ke ƙaruwa kana gudu ko ya sa ka ɗingishi, wannan tsayawa ake yi. In a kan ƙashin ƙwauri yake kuma yana damunka ko kana tafiya, yana iya zama ƙashi ne ya fara tsagewa, sai a je a duba. Tafin ƙafa ko diddige da ke soka a takun farko na safe shi ma gargaɗi ne.

Kuskuren shi ne a biya kemis a haɗiyi diclofenac ko ibuprofen a fita. Ƙwayar tana rufe bakin ciwon ne kawai, ɓarnar na ci gaba, kuma waɗannan magungunan suna wahalar da ƙoda idan ruwan jiki ya yi ƙasa, suna kuma cin ciki in babu abinci. Tramadol kam kada ma a fara. Mun ga abin da ta yi wa samarin zangonninmu.

Wanda ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro ya sani cutar tana fasa jajayen ƙwayoyin jini, shi ya sa haki ke daɗewa bayan zazzaɓin ya sauka. Gama maganin, ci abinci, ba jiki lokaci, kuma kada a taɓa gudu da zazzaɓi a jiki. Mai hawan jini, ciwon suga, sikila ko ciwon zuciya, da wanda ya haura shekara 40 kuma ya daɗe a zaune, ya fara ganin likita. Ciwon ƙirji, jiri ko bugun zuciya da ya rikice a cikin gudu ba abin daurewa ba ne.

Hanya

A Ghana mota dama take bi, don haka kai ka bi hagu kana fuskantar abin da ke tahowa. Direban motar haya ta trotro da asuba fasinja yake nema, ba kai ba. Riga mai haske, kunne ɗaya a buɗe, ido a kan kwatocin da ba su da murfi, musamman da damina. In da hali, makonnin farko a yi su a filin ƙasa ko a titunan cikin jami'ar Legon masu inuwa, nesa da hayaƙin babban titin Nima. Da hunturu, ranar da ƙura ta rufe gari, mai asma ya zauna a gida.

Ranakun da ba ka fita ma suna da aikinsu, na minti goma kacal. Tsaya a bakin matakala ka ɗaga diddige ka sauke a hankali sau 15, sahu uku. Zauna ka tashi daga kujera ba tare da dafawa ba. Tsaya da ƙafa ɗaya kana goge baki. Ɗaga diddigen nan shi ya gyara min agara, har yau ban bar shi ba. In kuma biki ko tafiya ta cinye maka mako guda a tsakiyar shirin, kada ka rama abin da ya wuce. Koma kan makon da ka gama lafiya na ƙarshe, ka maimaita shi.