Yadda Nake Tsara Labari a Mai Wurno

Da farko, riƙe ƙaramin littafi ka zauna kusa da tsofaffi bayan La'asar, lokacin shayi. Saurari yadda Hausarsu ke sarƙe da Larabci, ka rubuta maganar yadda ta fito, kar ka gyara. Garin nan na Mai Wurno, a ƙasar Sudan, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi bayan yaƙin Burmi da aka yi da Turawa a 1903, don haka labarin hijira ba ya ƙarewa a bakinsu.

Sannan zaɓi mutum ɗaya. Me yake nema, wa ya tare masa hanya?

Rubuta ƙarshen labarin tukuna. Ni in ban san masauki ba, ɓata nake yi.

Sai shafi biyu kullum bayan Asuba. In babi ya cika, karanta wa gwaggo a bayyane; inda hankalinta ya kauce, sake rubutawa.