Yadda Ake Shirya Gasar Ƙirƙirar Fasahar Lafiya Ga 'Yan Sakandare A Karkara

Kafin a kira ɗalibi ko ɗaya, malamin da zai jagoranci gasar ya je asibitin sha-ka-tafi na garin, ya zauna da malamin asibiti da ungozoma, ya ji abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya. Ko a Ringim ne ko a Rano, akan ji irin waɗannan: firjin rigakafi na ɗaukar zafi in wuta ta ɗauke, ko iyaye mata su manta ranar dawo da jariri allurar mako 6, 10 da 14. Daga bakinsu ake ɗauko aikin gasa.

Kwana biyu sun isa, amma a kauce wa ranar kasuwa da lokacin noman damina, don rabin yaran gona za su tafi.

Kowane rukuni mutum biyar: mai yi wa ma'aikatan lafiya tambaya, mai zana tsari a kwali, masu haɗa kaya biyu, da mai kula da lokaci. Malami ne zai raba su, don in aka bar wa yara zaɓi, abokai ne za su dunƙule wuri ɗaya. Abin da ya fi kashe irin wannan gasa shi ne yaro ɗaya mai kaifin kai ya rungume kwamfuta, sauran huɗun su zama 'yan kallo. Maganinsa, duk minti 40 a buga ƙararrawa, kwamfuta ta koma hannun wani. Wanda ya tashi zai iya yin bayani da baki, amma ba ya sake taɓa madannai sai zagaye ya dawo kansa.

Masu aikin firji suna buƙatar Arduino Uno (ƙaramin allon lantarki da ake rubuta wa umarni daga kwamfuta), na'urar auna zafi DS18B20, razisto 4.7k (ɗan abin da ke rage ƙarfin wuta) da 'yar ƙaramar jiniya. Ana ajiye rigakafi tsakanin digiri 2 zuwa 8, saboda haka jiniya ta yi kuka in an haura 8 ko an sauka ƙasa da 2. Yara kan manta da ɓangaren sanyin, alhali daskarewa na lalata allurar Penta, rigakafin cututtuka biyar da ake yi wa jarirai. A gwada da kofin ruwan ƙanƙara da tafin hannu, kada a gwada da firjin asibiti. In allon kwamfuta ya nuna -127, waya ta kwance ko ba a sa razisto tsakanin wayar bayanai da ta wuta ba. In ya nuna 85, an karanta ne kafin na'urar ta gama awo. A ba ta daƙiƙa ɗaya.

Masu aikin tunatar da iyaye su yi amfani da KoboCollect, wadda ke cika fom a wayar Android ba tare da intanet ba. Fom ɗin kansa sai da intanet ake gina shi, don haka a tanadi data, masu aikin firji kuma su sauke Arduino IDE, manhajar rubuta wa Arduino umarni, da OneWire da DallasTemperature, waɗanda ke sa ta karanta na'urar auna zafi, tun a Kano ko Dutse. Sunayen ƙirƙira za a shigar, ba na jariran gari ba. Wuta kuwa, a nemo sola ko janareto tun kafin ranar.

Wajen maki, a ware 40 cikin 100 ga aikin haɗin gwiwa. Rukuni ba ya zaɓar mai gabatarwa. Alƙali ne zai nuna wanda ya ga dama, ya ce ya bayyana sashen da ba shi ya haɗa ba. A sanar da wannan doka tun safiyar farko, a kuma sa malamin asibitin cikin alƙalai, don shi ya san abin da zai yi aiki a ɗakinsa.