Yadda nake koya wa 'yan kasuwarmu na Legas ginin jimlar Turanci

Ɗalibaina a Agege yawancinsu 'yan tireda ne da teloli da masu sayar da kayan gwari a kasuwar Mile 12. Da irinsu, kada ka fara da haddar dokoki. Fara da abin da ke hannunsu.

Nakan ɗaga kwandon tumatir in ce "I am selling tomatoes", kowa ya maimaita. In nuna wani, su ce "He is selling". Sai bakinsu ya saba kafin in rubuta am, is, are a allo. Hausa na taimakawa a nan, domin ina, yana, tana suna tafiya daidai da wannan gini.

Inda aikin yake shi ne abin da ya riga ya wuce. A Hausa, na tafi da zan tafi duk aikatau (kalmar aiki) ɗaya ne bai motsa ba, amma a Turanci shi ke sauyawa, go ya koma went. Ga Turancin buroka ya saba musu da "I don go". Kada ka kushe shi, da shi suke neman abinci a Legas. Ba su aikatau biyar kacal a mako, irin su buy, sell da pay, sannan kullum kowa ya ba da labarin cinikinsa na jiya.

In dattijo ya yi kuskure a gaban yaransa, kada ka tsayar da shi. Ka ce, "Haka ne Alhaji, you paid him", ka ci gaba. Harafin s na "she sells" kuwa, bar shi sai wata na biyu.