Rasa aiki da bashin haya a New York: kurakuran da ke cin mutanenmu

Yawancin 'yan'uwanmu da ke rasa ɗaki a Bronx ko Harlem, takardar da aka ajiye ba a buɗe ba ce ke fara cin su, tun kafin rashin kuɗi ya kai ga haka. Kunya da "bari mu gani" suna da tsada a garin da komai ke tafiya da wa'adi.

A fara da kuɗin rashin aiki. Wasu na ƙyamar sa, wai roƙo ne. Inshora ce, kuma a jihar New York kamfanin da ka yi wa aiki ne ke zuba kuɗin. Kuskuren farko shi ne jinkiri: mutum ya zauna wata guda yana fatan za a sake kiransa. Ka shigar da buƙatarka a Ma'aikatar Ƙwadago ta jiha a makon da aikin ya tsaya, domin makon farko ma na jira ne, ba a biya, kuma iyakar biyan makonni 26 ne. Bayan nan kowane mako sai ka sake tabbatar da cewa kana neman aiki, ka rubuta inda ka nema da ranar.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne tafiya gida. Mutum ya tafi Yamai ko Kumasi gaisuwar rasuwa, ko ya tafi Umara, sai ya bar wa ƙaninsa lambar sirri ya riƙa danna masa. Doka na kiran wannan zamba. Za a ce ka mayar da kuɗin, a ɗora tara, a kuma yanke maka na gaba. Idan za ka fita ƙasar, ka sanar da su, ka haƙura da kuɗin waɗannan makonni. Haka ɗan aikin da ka samu a gefe: ka faɗe shi. Awa 10 ko ƙasa da haka a mako ba ta rage komai muddin abin da ka samu bai haura iyakar da aka sa ba, sai ka wuce awa 30 za a hana ka na makon. To ɓoyon na mene ne?

Idan an ƙi ka, kana da kwana 30 ka nemi a saurare ka gaban alƙali, kuma kada ka daina tabbatarwar mako-mako kana jira.

Sai haya. Mai gida ya buga ƙofa ya ce ka fita ƙarshen wata, sai ka ga bawan Allah ya fara ɗaure kaya. Ina! Duk wanda ya kwana 30 a gida bisa halal, ko da ɗaki ɗaya ya kama a hannun wani ba tare da yarjejeniya a rubuce ba, ba a fitar da shi sai da hukuncin kotu, kuma jami'in da ake kira mashal ne ke zartarwa. Canza makulli, yanke wuta ko zubar da kaya waje laifi ne, ka kira 'yan sanda. Kafin ma a kai ka ƙara kan bashin haya, dokar 2019 ta wajabta a ba ka takardar neman biya ta kwana 14.

In sammaci ya zo, kwana 10 gare ka ka mayar da amsa. Ƙin zuwa kotun gidaje, wadda ta Bronx ke kan titin Grand Concourse, daidai yake da miƙa wa mai gida nasara a faranti. Ka nemi tafinta, kyauta ne. Tun 2017 birnin ya kafa dokar ba mai ƙaramin ƙarfi lauya kyauta, ba tare da duba takardun zamansa ba. A kotun ne kuma lauyan mai gida zai tare ka a baranda da fara'a, da takarda a hannu, ya ce sa hannu kawai a gama. Ba naka ba ne. Ka ce sai ka ga alƙali ko lauyanka, don alkawarin biyan da ba za ka iya cikawa ba ya fi bashin kansa haɗari.

Tallafin biyan bashin haya akwai shi. Hukumar HRA, mai kula da tallafin jama'a a birnin, na da wanda ake kira One Shot Deal, ofisoshin Homebase kuma na taimakon wanda ke gab da rasa muhalli, lambar waya 311 za ta nuna maka na kusa. Sai dai za su nemi shaidar bashin da ta yadda za ka ci gaba da biya, nan ne masu miƙa tsabar kuɗi hannu da hannu don "ai ɗan gari ne" ke yin zuru. Duk biyan da ka yi, ka karɓi rasit mai kwanan wata da sa hannu, ka ɗauki hotonsa a waya. Kuɗin ajiyar da mai gida ke karɓa lokacin kama ɗaki kuma ba ya wuce hayar wata ɗaya, a mayar maka cikin kwana 14 da tashinka, tare da bayanin duk abin da aka cire.