Yadda Za Ka Zaɓi Kamfanin da Zai Riƙa Aika Imel ɗin Manhajarka

Duk manhajar da ake yin rajista a cikinta tana aika wani irin imel wanda mutum ke zaune yana jiran isowarsa: lambar tabbatar da asusu, hanyar sauya kalmar sirri, rasidin biyan kuɗi, ko takardar samun gurbin karatu. Wannan ya sha bamban da imel ɗin talla, wanda ko ya kwana a hanya babu mai damuwa. Lambar da wa'adinta minti 10 ne, idan ta iso bayan minti 20, daidai take da wadda ba ta iso ba. Saboda haka abin da ya kamata ya raba maka gardama tsakanin kamfanonin da ke aika irin wannan imel shi ne ko saƙon yana faɗawa akwatin mutanenka a kan lokaci, sannan farashi ya biyo baya.

Da yawa daga cikin matasan da ke haɗa manhaja a nan Bauchi suna farawa da asusun Gmail, amma asusun kyauta ba ya wuce saƙo 500 a rana, kuma ba don wannan aiki aka yi shi ba. Kafa sabar imel ta kanka, wato kwamfutar da za ta riƙa aika saƙonnin, ita ma ba mafita ba ce, domin kamfanonin da ke ba da hayar saba, irin su Google Cloud da DigitalOcean, suna toshe ƙofa ta 25 da ake aika imel ta cikinta, kuma sabon adireshin IP, wato lambar da ake gane saba da ita a intanet, da babu wanda ya san halinsa ba ya samun amincewar Gmail ko Yahoo cikin sauƙi.

Kafin ka buɗe shafin kowane kamfani, ka zauna ka ƙidaya saƙonnin da manhajarka za ta fitar, ka kuma lura da yadda suke fita. Ɗauki misalin manhajar wata makaranta mai zaman kanta a Yelwa ko Fadamar Mada: tsawon zango ba ta aika komai sai rasidi jefi-jefi, amma ranar da aka saki sakamakon jarrabawa sai dubban saƙonni su fita cikin 'yan sa'o'i. Irin wannan manhaja asara take yi idan aka ɗora ta a kan tsarin biyan wata-wata, kuma tsarin kyauta mai iyakar kullum zai tsayar da ita a ranar da aka fi buƙatarta. Manhajar shagon da ke sayar da kaya a kasuwar Wunti kuwa, wadda ke fitar da rasidi kusan adadi ɗaya kowace rana, biyan wata-wata ba zai cuce ta ba.

Amazon SES, wanda aka ƙaddamar a 2011, shi ne mafi araha a cikin manyan: dala ɗaya tana aika saƙo 10,000, kuma gwargwadon abin da ka aika ake cajin ka. Sai dai araha ba ta ado. Sabon asusu yana farawa ne a matakin gwaji, inda ba za ka wuce saƙo 200 cikin sa'o'i 24 ba, kuma sai zuwa adireshin da ka riga ka tabbatar. Dole ka rubuta musu takardar neman izini, ka bayyana irin saƙonnin da za ka aika da yadda za ka yi da waɗanda suka dawo, kuma suna iya ƙin amincewa. Haka nan, idan kana son sanin abin da ya faru da kowane saƙo, kai ne za ka haɗa hanyar karɓar rahoton ta SNS, tsarin aika sanarwa na Amazon, ko makamancinsa. Ga ƙungiyar da ta riga ta saba da AWS, sashen Amazon mai ba da hayar saba, wannan aikin yini ɗaya ne, amma ga mutum ɗaya da ke riƙe da manhajoji biyar na abokan ciniki daban-daban nauyi ne da ya kamata ya sa a lissafi.

Postmark, wanda ActiveCampaign ta saya a 2022, yana can ɗaya gefen. Ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma tsarinsa na kyauta saƙo 100 ne kawai a wata, amma ya raba hanyar saƙonnin da ake jira da ta saƙonnin talla, yana kuma ajiye kwafin abin da ka aika har kwana 45. Amfanin wannan ajiya yana bayyana ne ranar da wani uba ya kira yana cewa bai ga rasidin kuɗin makarantar ɗansa ba: ka rubuta adireshinsa, ka ga lokacin da saƙon ya fita da amsar da sabar Gmail ta bayar, ka faɗa masa gaskiyar lamarin cikin minti ɗaya. A ganina, idan saƙonninka ba su da yawa amma kowanne yana da alaƙa da kuɗi ko shiga asusu, wannan tsada tana biyan kanta.

SendGrid, mallakar Twilio tun 2019, da Mailgun, wanda ke hannun Sinch, tsofaffi ne da kusan kowane yaren rubuta manhaja ke da hanyar haɗuwa da su. Brevo na Faransa, wanda aka sani da Sendinblue kafin 2023, yana ba da saƙo 300 kyauta a rana, Resend kuma 3,000 a wata bisa iyakar 100 a rana, kuma masu haɗa manhaja da React sun fi karkata ga Resend. ZeptoMail na kamfanin Zoho ba ya karɓar talla sam, kuma ana sayen adadin saƙonni ne a gaba, tsarin da ya dace da misalin makarantar nan. Farashi da tsarin kyauta suna sauyawa, don haka ka duba shafinsu a ranar da za ka yanke shawara.

Akwai batun da masu kwatanta kamfanonin nan daga Amurka ko Turai ba sa tunawa da shi, wato yadda za a biya. Kusan dukkansu da dala suke caji, kuma bankunanmu sun sha rage ko dakatar da amfani da katin naira a ƙasashen waje. Ka gwada katinka tun kafin ka ɗora manhaja a kan kamfani, ka kuma tabbatar an buɗe asusun da sunan mai manhajar, domin idan biya ya ƙi shiga aka dakatar da asusun, lambar tabbatarwa za ta daina fita ba tare da kowa ya lura ba sai ƙorafi ya fara zuwa.

Idan ka tace kamfanoni biyu ko uku, kada ka fara gwaji sai ka gyara bayanan DNS, wato rajistar intanet da ke ɗauke da bayanan domen ɗinka (sunan da ke bayan alamar @ a adireshin imel), in ba haka ba kuskurenka za ka auna, ba ingancin kamfanin ba. Abubuwa uku ake buƙata. SPF yana bayyana sabobin da ka yarje wa su aika da sunanka, kuma rubutu ɗaya tak ake yarda da shi a kowane domen, wanda ba zai sa a yi binciken DNS sama da 10 ba, saboda haka idan akwai na da, a cikinsa za ka ƙara sabon kamfanin. DKIM sa hannu ne na lissafi da ke nuna ba a taɓa saƙon a hanya ba. DMARC kuma yana faɗa wa mai karɓa abin da zai yi da saƙon da ya faɗi waɗannan gwaje-gwaje, kuma ana farawa ne da p=none, wato kada a ɗauki mataki, domin a ga rahoto kafin a tsananta. Tun watan Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka wajabta SPF ko DKIM a kan kowane mai aikawa, kuma wanda ke aika saƙo 5,000 a rana zuwa Gmail sai ya cika duka ukun. Ya fi kyau ka ware ƙaramin domen ga waɗannan saƙonni, wani kuma ga talla, domin ƙorafin da talla ke jawowa kada ya shafi rasidi.

Gwajin kansa ba shi da wuya. Ka tanadi adireshi na Gmail da Yahoo da Outlook, da kuma na wata cibiya mai domen ɗinta, kamar adireshin ɗalibi ko malami na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa idan mutanenka daga can suke. Ka aika ainihin saƙon da manhajar za ta riƙa aikawa ta kowane kamfani, da safe da yamma, tsawon mako guda, kana rubuta daƙiƙun da ya ɗauka da akwatin da ya faɗa. A Gmail ka buɗe asalin saƙon ka tabbatar SPF da DKIM da DMARC duk sun nuna PASS. Kada ka dogara da kalmar "an isar" da ke allon kamfanin, domin ma'anarta kawai sabar mai karɓa ta amshi saƙon, ko da ta jefa shi akwatin tarkace.

Sai kuma saƙonnin da ke dawowa, wanda a nan ne yanayinmu ya fi cutarwa. Rajista da yawa a shagon kafe ake cika ta, mai shago yana sauri, layi a bayansa, sai ya rubuta gmial maimakon gmail, ko ya ƙirƙiri adireshin da babu shi don fom ya wuce. Amazon SES yana sanya asusu ƙarƙashin bincike idan saƙonnin da suka dawo suka kai kashi 5 cikin 100, yana iya dakatar da shi a kashi 10, sauran kamfanonin ma suna da nasu ma'aunin. Don haka ka sa fom ɗinka ya kama irin waɗannan kurakurai, ka tabbatar da adireshi kafin ka ci gaba da aika masa, ka kuma haɗa hanyar da kamfanin zai sanar da manhajarka nan take idan saƙo ya dawo, ta yi wa adireshin alama ta daina aika masa.

A cikin manhajar, ka tattara duk aikin aika imel a wuri ɗaya, ka sa shi a layin jira maimakon ya riƙe mai amfani, ta yadda sauya kamfani zai zama sauya 'yan layuka. Tsarin haɗa manhaja na Laravel yana zuwa da haɗin SES da Postmark da Resend da Mailgun, har da tsarin komawa kan na biyu idan na farko ya gaza, masu aiki da tsarin Django kuma suna da Anymail mai yin irin wannan haɗi. Idan sabarka ta toshe ƙofofin SMTP, wato hanyar aika imel da aka saba, ka bi ta API, hanyar da manhajarka ke magana da kamfanin kai tsaye, wanda ke tafiya ta HTTPS kamar shafukan intanet. Kuma tun da adireshi da sunayen mutane za su ratsa ta sabar wani kamfani a ƙasar waje, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafe ka: ka ambaci kamfanin a takardar tsare sirrin manhajarka, kuma maimakon ka zuba sakamakon ɗalibi ko bayanin lafiya a cikin imel, ka aika hanyar da mutum zai shiga asusunsa ya gani.