Yadda mai NCE zai yi digirin koyarwa a jami'ar kuɗi

In kana da NCE kuma kana so ka ƙaro digiri a fannin ilimi, jami'ar kuɗi irin Al-Qalam da ke Katsina, wadda aka kafa a 2005, hanya ce mai kyau, musamman ga wanda ya ga yadda yajin aikin ASUU na 2022 ya cinye wa ɗalibai wata takwas suna zaune a gida. Amma fa sai ka shiga da ido a buɗe.

Kafin ka biya ko sisi, ka tabbatar NUC, hukumar da ke kula da jami'o'in Najeriya, ta amince da kos ɗin da kake so, ba wai jami'ar kaɗai ba, shi kansa kos ɗin, misali B.A. Ed Hausa ko B.Sc. Ed lissafi, don jami'a tana iya samun lasisi amma wani kos nata bai samu amincewa ba tukuna. Ka je da ƙafarka ka tambaya a sashen, kar ka tsaya ga abin da aka ce maka a WhatsApp.

Daga nan sai fom ɗin Direct Entry na JAMB, wato na shiga jami'a kai tsaye ga mai takarda irin NCE. Mai NCE aji biyu yake farawa, shekara uku ke nan maimakon huɗu. Ka haɗa kiredit biyar har da Turanci da lissafi, kuma adimishan ɗinka ya fito a CAPS, shafin JAMB na ba da adimishan, ka karɓa da kanka, in ba haka ba ranar tafiya bautar ƙasa za ka sha wahala.

Maganar kuɗi ita ce wadda nake so ka zauna ka yi da maigida ko mahaifi tun yanzu, don bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 na ɗaliban makarantun gwamnati ne, kai naka daga aljihu zai fito, to ka lissafa na shekara ukun gaba ɗaya da kuɗin ɗaki da na a-daidaita-sahu da na handawut, ka kuma tambaya ko ana biya kashi-kashi. Abin tausayi ne malami ya kai aji uku ya tsaya saboda kuɗin zango ɗaya.

A aji za ka haɗu da 'yan sakandare da suka shigo ta UTME, jarrabawar JAMB ta shiga jami'a, ga matan aure, ga malaman firamare da na Islamiyya masu furfura a gemu. Ka kama waɗannan dattawan da kyau. Wanda ya shekara yana tsayawa gaban yara tamanin da guntun alli a hannu, ya san yadda ake kwantar da hayaniyar aji fiye da abin da ke cikin littafi, kai kuma ka taimaka masa da kwamfuta lokacin rijistar kos.

Lokacin TP, wato gwajin koyarwa a makaranta, kar ka nemi makarantar da za a sa maka hannu kana gida. Ka rubuta lesin not ɗinka kullum, ka bari sufabaiza ya same ka a cikin aji. In ka gama kuma ba ka da rijista da TRCN, hukumar rijistar malamai, ka je ka yi, don ita ce ke ba da lasisin koyarwa a Najeriya.