Yadda za ka tsara sanarwar manhaja ba tare da ka gundiri mutane ba

1. Fara da raba saƙonnin da manhajarka ke turawa allon waya gida uku: na gaggawa (an cire kuɗi daga asusu, lambar shiga), na amfani (kayanka sun iso), sai talla. Tun daga Android 8, dole kowace sanarwa ta zauna ƙarƙashin rukuni, kuma mai waya na iya kashe rukuni ɗaya ya bar sauran. In ka cusa komai wuri guda, ranar da talla ta ishe shi zai kashe duka, har da saƙon da zai cece shi daga ɗan damfara.

2. Kada ka nemi izinin tura sanarwa da zarar mai waya ya buɗe manhajar. A iPhone sau ɗaya tak tambayar ke fitowa. In ya ƙi, sai ya shiga saiti da kansa kafin ya iya kunna sanarwar. Jira ya yi oda tukuna.

3. Sa jigon magana a farko, domin allon waya yana datse ƙarshen saƙo: "An cire ₦5,000 daga asusunka."

4. Saƙonni biyar masu kama da juna, dunƙule su su zama ɗaya. Talla kuwa ba sauti, ba cikin dare, bisa agogon garin mai wayar.

5. In ya danna saƙon, kai shi daidai shafin da ake magana a kai.